Famfon haidrolik mai fistin: yadda yake aiki, da abin da za ka duba kafin ka ce ya mutu

Kusan duk eskabetar da aka kira ni a kanta maganar ɗaya ce, "oga famfo ya mutu, da safe tana aiki lafiya amma da rana ta yi sai ka ga bum na tashi kamar mai ciwon baya". Kuma kafin in iso sau da yawa an riga an taɓa sukurorin da ke jikin ragileta, wato abin da ke sarrafa yawan man da famfo ke turawa, wani yaro ya sa alanki ya murɗa wannan ya murɗa wancan wai yana ƙara mata ƙarfi. To ni dai abin da na gani a sana'ar nan, famfunan da ake kwancewa da yawansu lafiyarsu ƙalau, matsalar tana wani wurin. Shi ya sa na ga gara in zauna in yi bayanin yadda abin yake aiki a ciki, don in ka gane cikinsa gwajin ba zai ba ka wahala ba.

Abu na farko da za ka sa a kai, famfo ba ya yin furesha. Mai kawai yake turawa. Lodi ne ke kawo furesha. In ka buɗe bakin tiyo mai na zuba cikin tanki geji ba zai nuna komai ba ko da famfon sabo ne dal, amma da ka sa man nan ya ɗaga bokiti cike da jar ƙasa sai allurar geji ta haura. Yawan man da ke tafiya shi ne saurin mashin, furesha kuma ita ce ƙarfinsa. Mutane na cakuɗa biyun nan, daga nan ɓarna ke farawa.

Yanzu mu shiga ciki. Ka san tandar waina ko? Ramuka a zagaye. To ka ɗauka akwai wani curin ƙarfe mai kauri mai irin waɗannan ramuka amma masu zurfi, guda tara ko bakwai, shi muke ce wa baral. Shaf ɗin da ya fito daga inji ya ratsa ta tsakiyarsa, yana juyawa baral na juyawa. Kowane rami da fistin ɗinsa a ciki, kamar sirinji tara a jere a da'ira. Kan kowane fistin akwai ƙwallo, a kan ƙwallon an ɗaura wani ɗan takalmi na tagulla mai faɗin ƙasa, silifa muke kiransa, kuma da gaske kamar silifas ɗin yake don zamewa yake yi. Duka takalman nan tara suna taka wani faranti mai santsi wanda shi ba ya juyawa, suwash filet kenan, ni dai faranti zan riƙa ce masa.

Sirrin duka yana wurin farantin nan, a karkace yake. Gefe ɗaya ya matso kusa da baral, ɗaya gefen ya yi nisa. To da baral ya juya, fistin da ke zagayawa ta gefen da ya yi nisa dole ya fito daga raminsa, yana fitowa yana zuƙo mai daga tanki. Ya ƙarasa rabin zagaye ya shiga gefen da faranti ya matso, sai farantin ya danna shi ya koma cikin rami, man da ya zuƙo ya fita da ƙarfi. Zagaye ɗaya, zuƙa ɗaya turi ɗaya, kowane fistin. A gindin baral kuma akwai wani faifan ƙarfe da ba ya motsi, bawul filet, mai tsaga biyu masu siffar ƙoda, ɗaya ta shigowar mai ɗaya ta fita. Baral na goga fuskarsa a kai yana wucewa, rami ya zo kan ƙodar shiga ya sha, ya zo kan ta fita ya amayar. Babu roba babu gasket a tsakaninsu, ƙarfe ne kan ƙarfe da aka goge suka yi sumul, ɗan siririn mai ne kawai ke raba su. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wani zai ce me ya sa tara, ba takwas ko goma ba. In adadin ya zama mai rabuwa biyu, fistin biyu ne ke sauya gefe a lokaci guda, sai man ya riƙa fita da bugu-bugu. Da mara rabuwa fitar ta fi laushi, tiyo ba ya rawa sosai.

Irin wannan famfo ana ce masa "mai canza awo", wato yana iya ƙara ko rage yawan man da yake turawa. To ta yaya? Farantin nan ba a kafe yake ba, yana zaune kan wani mazauni mai lanƙwasa kamar sirdi, ana iya ƙara masa karkata ana iya miƙar da shi. In ya karkata sosai, wanda a yawancin irin waɗannan famfuna bai wuce digiri 15 zuwa 18 ba, fistin na yin doguwar tafiya, mai da yawa. Ka rage karkatar tafiyar ta gajarta, mai kaɗan. Ka miƙar da shi sak, baral na ta juyawa da gudun inji amma fistin ko motsi ba sa yi a cikin rami, babu man da ke fita. Ka ga bambancinsa da famfon giya irin na tifa ko ƙaramar tarakta, shi wannan muddin inji na juyawa sai ya turo mai ko ana so ko ba a so, wanda ba a buƙata ya bi ta rilif bawul, wato bawul ɗin da ke buɗewa in furesha ta wuce iyaka, ya koma tanki ya zama zafi, ka ƙona gas a banza. Akwai ma waɗanda farantinsu ke wuce tsakiya ya karkata ta ɗaya gefen, sai mai ya juya hanya, irin Rexroth A4VG da ake samu a rola da wasu loda, da shi suke gaba da baya ba tare da canza giya ba. Akwai kuma wani ƙirar da babu faranti, baral ɗin ne gaba ɗaya ke karkacewa daga layin shaf, wani injiniya Hans Thoma ya shahara da shi tun shekarun 1930, Hitachi na amfani da irinsa. Dabarar dai ɗaya ce, karkata ke ba da awo.

Abin ma ba sabo ba ne, tun farkon shekarun 1900 wasu Amurkawa biyu Williams da Janney suka yi irinsa don juya manyan bindigogin jiragen ruwan yaƙi. Wannan dai tsaraba ce, mu koma gareji.

Ga lissafin da ya kamata kowane bakanike ya iya ko a bayan kwalin filta. Ɗauki Kawasaki K3V112, wanda ke cikin eskabeta masu tan 20 da yawa, su Kobelco da Hyundai da Volvo da Doosan. 112 ɗin nan yana nufin sisi 112 na mai (cc kenan, guda 1000 ke yin lita ɗaya) a zagaye ɗaya in faranti ya karkata har ƙarshe. Inji na juyi 2000 a minti, 112 sau 2000 raba da 1000, lita 224 a minti. Kuma famfo biyu ne a jere kan shaf ɗaya, na gaba da na baya, wato lita 448. Ƙarfin da famfo ke ci daga inji kuwa, ka ninka lita da ba (bar, ma'aunin furesha) ka raba da 600 ya ba ka kilowat. Rilif na irin waɗannan mashina wajen ba 343 yake. 448 sau 343 raba da 600, ya haura kilowat 250. Injin da ke cikin mashin ɗin kuwa kilowat ɗari da 'yan kai ne. Ka ga kenan in famfo ya ce zai ba da cikakken mai a cikakkiyar furesha, take inji zai shaƙe ya mutu. Dole wani abu ya riƙa ja wa faranti linzami, wannan abin shi ne ragileta.

Abin da ke tura farantin wani fistin ne daban da ake ce wa sabo fistin (servo kenan, ba sabo na sabunta ba), ragileta kuma ita ke yanke shawarar ta wane gefe za a aika masa mai. Cikinta ba wani abin tsoro, ɗan sandan bawul ne siriri da sifirin. Furesha na tura sandan ta gefe ɗaya, sifirin na tura shi ta ɗaya gefen, wanda ya fi ƙarfi shi ke da magana. Sukurun da yara ke murɗawa, matsin sifirin ɗin nan suke canzawa.

Tsarin ragileta iri-iri ne. Mafi sauƙi shi ne mai tsare furesha, kamfanseta. An saita shi a ce ba 250. Muddin lodi bai kai nan ba faranti na karkace sosai, da furesha ta taɓa 250 sai sandan ya matsa, mai ya shiga bayan sabo fistin ya miƙar da faranti, famfo ya tsaya yana riƙe da 250 yana turo ɗan abin da ke yoyo kawai. Irin wannan za ka gani a injinan masana'anta, na buga roba da makamantansu, Rexroth A10VSO ya cika wuraren nan. Na biyu mai jin lodi, shi akwai wani siririn tiyo da ke dawowa daga kwantirol bawul, wato babban bawul ɗin da ke raba mai in an ja liba, yana gaya wa famfo nawa lodi ke nema, famfo kuma ya riƙa ba da abin da ya ɗara hakan da kaɗan, kamar ba 14 zuwa 20. Lodi na neman 100 ya ba da 115 haka, ofareta ya saki liba furesha ta sauko wajen 20 ta zauna. Komatsu na bin wannan hanyar a PC200 da 'yan uwanta. Na uku shi ne mai kare inji wanda lissafin can ya nuna, furesha na hawa yana rage mai don abin da famfo ke ci kar ya wuce ƙarfin inji. In kilowat 100 ne rabon famfo, a ba 343 lita 175 kawai zai iya bayarwa su biyun a haɗe. Shi ya sa bokiti ke gudu a iska amma ya yi sanyi in ya shiga marmara. Wannan ba ciwo ba ne, haka aka yi shi.

Akwai kuma tsarin da ya fi rikita masu koyo, na K3V ɗin nan da yawa, negetib kwantirol. Lokacin da ba a taɓa liba ba man famfo na ratsa tsakiyar kwantirol bawul ya bi ta wata 'yar ƙaramar ƙofa ya koma tanki, matsewar da yake yi a ƙofar nan ta tara furesha, ita ce ake aikawa ragileta a ce mata rage. Da an ja liba hanyar tsakiya ta toshe, fureshar saƙon ta faɗi, faranti ya karkata. Wato saƙo mai yawa mai kaɗan, saƙo kaɗan mai da yawa, a juye. In saƙon nan ya maƙale a sama famfo zai zauna a ƙaramin awo, mashin ya yi ta jan ƙafa alhali famfo garau yake.

To yanzu an kira ka, mashin ba ƙarfi. Kafin komai sauke bokiti ƙasa, kashe inji, mayar da makulli kan wuta ka kaɗa libobi su saki abin da ya rage, sannan ka saki iskar tanki. Kuma don Allah kar ka taɓa neman yoyo da tafin hannu, mai a ba 300 ta ƙaramin huji yana huda fata kamar allura, wurin zai yi kamar ba komai amma aikin tiyata ne na gaggawa, mutane sun rasa yatsu a haka. Kwali ake karawa.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Duba mai a gilashin tanki, launinsa da warinsa. In ya yi fari kamar koko ruwa ya shiga, in yana kumfa iska yake sha ta wani wuri. Saurari famfon, in kana jin ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani to yunwa yake ji, mai ba ya isa bakinsa, ko rariyar cikin tanki ta toshe ko babban tiyon zuƙa ya saki ko ya lotse ta ciki, kilif ɗaya da bai ɗauru ba ya isa. Wannan yunwar tana cin fuskar bawul filet ta bar ta da ƙananan ramuka kamar zanzana. Sai ka ciro ritan filta, wadda mai ke bi in zai koma tanki, ka yanka ta ka baje takardar a rana. Ƙyalli mai ruwan zinare tagulla ce, daga silifa ko fuskar baral, in ka ga ta da yawa to famfo ya fara cin kansa. Baƙin gari mai bin maganaɗisu ƙarfe ne. In takarda tsaf take, da wuya a ce famfo ya farfashe.

Daga nan geji. Wanda ba shi da geji bai kamata ya taɓa ragileta ba, ko ubangidana ne haka zan ce masa, da ladabi dai. Fara da failot, ɗan ƙaramin famfon giya da ke manne a baya, a yawancin masu tan 20 wajen ba 39 ko 40 ake nema. In failot ya faɗi komai na mashin zai mutu a jiki, libobi ba za su iya tura sandunan bawul har ƙarshe ba, sai a ɗora wa babban famfo laifi. Bayan shi ka sa geji mai ɗaukar ba 600 a famfo na ɗaya da na biyu, ka bari mai ya yi ɗumi kamar digiri 50, ka kai silinda ƙarshe ka riƙe na 'yan daƙiƙu ka karanta. Amma ka tuna abin da na faɗa tun farko, famfon da ya gaji yana iya kai furesha daidai in aka toshe masa hanya, don a lokacin ɗan mai kaɗan ake nema. Gejin furesha shi kaɗai ba ya wanke famfo.

Saurin ne ke tona shi. Ɗaga ƙafar mashin ɗaya da bum, sa alamar fenti a sarƙa, ba ta totur ka ƙirga daƙiƙun zagaye uku, ka yi wa ɗayar haka. A yawancin eskabeta kowace ƙafa famfonta daban, to in ɗaya ta fi ɗaya jinkiri sosai gaba da baya ka san gefen da za ka bi. Amma kar ka yi saurin yanke hukunci, motar ƙafar ko santa joyin, mahaɗar da ke tsakiyar mashin mai sauke mai zuwa ƙafafu, ma na iya jawo haka, shi ya sa in da hali ake musanya tiyon famfunan biyu a gani ko ciwon zai koma ɗaya ƙafar. In ya koma, famfo ne ko ragiletarsa. In bai koma ba ka bar famfo ya huta.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na yoyon ciki. Ka tuna siririn man da ke tsakanin baral da bawul filet, da wanda ke ƙarƙashin silifa, don kowane fistin akwai ɗan huji a tsakiyarsa da ke kai mai ƙarƙashin takalminsa ya riƙa shawagi a kai. Duk wannan man yana zubowa cikin gidan famfo ya bi wani tiyo na daban ya koma tanki. Kaɗan dole ne, shi ke sanyaya shi. In sassa sun cinye sai ya yi yawa, kuma ya fi yawa in mai ya yi zafi ya tsinke, dalilin ke nan da mashin ke aiki da safe ya kasa da azahar. Cire tiyon nan, toshe gefen tanki, sa bakinsa a jarka mai awo, ba mashin lodi na rabin minti ka ninka biyu. Adadin da ya halatta yana cikin littafin mashin, amma 'yan sana'a da yawa na ɗaukar cewa in ya kai kashi 10 cikin 100 na man da famfon ke bayarwa to ya gaji. Kar ka kuskura ka toshe gefen famfon, gidansa ba ya ɗaukar furesha, kaɗan ta taru sil ɗin shaf zai fita ko takalma su ɗage daga faranti.

In kuma ƙorafin shi ne inji na baƙin hayaƙi yana neman mutuwa da an sa lodi, ka duba filtar gas da ta iska da tobo tukuna, sannan ɗan solonoyid ɗin da kwamfuta ke rage wa famfo ƙarfi da shi, sannan ka tambaya ko wani ya taɓa sukuru. Na taɓa zuwa wani aikin hanya inda aka sauke injin wata eskabeta aka yi mata ringi da komai, kuɗi masu yawa, aka mayar hayaƙi na nan yadda yake. Da na leƙa ragileta sai na ga fentin kan noti a fashe, sabon tabon sifana na ƙyalli. Wani ne ya ɗaure sukurun ƙarfi wai don ta yi sauri. Juyi kaɗan muka warware da geji a gabanmu, magana ta ƙare, mai kwangilar ya rasa wanda zai zaga.

Idan dole sai ka saita, yi alama da fenti, rubuta juyi nawa ka yi, rubu'in juyi a lokaci guda kana kallon geji. A tsarin kamfanseta rilif ya zauna sama da saitin famfo da kamar ba 20 ko fiye. In ka bar rilif a ƙasa famfo ba zai taɓa kai inda zai miƙe faranti ba, zai yi ta tura cikakken mai ta rilif, cikin ɗan lokaci tanki ya yi zafin da ba ka iya ɗora hannu. Mai da ya wuce digiri 80 yana ƙona sil yana tsufa da wuri, kuma a zafin watan Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri ba wuya ya kai nan in kular mai ta toshe da ƙura. A irin yanayinmu man haidrolik lamba 46 ko 68 ake zubawa gwargwadon abin da littafi ya ce.

In gwaji ya tabbatar famfo ne, to kwance shi a wuri mai tsabta, ba a ƙasa kan buhun siminti lokacin hunturu ba. Ratar da ke tsakanin sassan nan ba ta kai kaurin gashin kai ba, ƙurar da ido ba ya gani ita ke kashe su. Fistin ana canza su duka tare. Baral da bawul filet ko dai sababbi tare ko a goge su tare su dace. A famfo mai biyu a jere bawul filet na gaba da na baya ba iri ɗaya ba ne, akwai na dama akwai na hagu, ka yi musu alama tun wurin kwancewa. In kayan Beljiyam za ka saya a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ja farce a fuskar baral, in farce ya maƙale a wani zane bar shi, ka kuma kama silifa ka ja ta ka tura, in tana ƙwas-ƙwas a kan ƙwallon ta saki.

Wurin mayarwa nan ne ake kashe famfo sabo cikin minti ɗaya. Wanke tanki, canza filtoci duka, wanke kula da tiyoyi don garin tsohon famfo na nan a ɓoye yana jira. Sannan kafin ka tayar, cika gidan famfon da mai mai tsabta ta ƙofar yoyo ta sama har ya tumbatsa, saki sukurun iska har mai ya fito ba kumfa. Tayar a silo, kar a taɓa liba na wasu mintoci, kana saurare kana taɓa jikinsa. Bayan nan a motsa kowace silinda a hankali sau huɗu ko biyar ba tare da an kai ta ƙarshe ba, a sake duba mai a tanki a cika. Bayan kamar awa 50 na aiki ka dawo ka sake yanka ritan filta ka baje ta a rana.